Kada Ka Yi Cinikin Biri a Sama: Yadda Ake Binciken Kamfani Kafin a Sayi Hannun Jarinsa

Yawancin masu shiga kasuwar hannun jari a karon farko da labari suke shiga. Wani ya rantse cewa hannun jarin kamfani kaza zai tashi, wani ya nuna ribar da ya ci a fuskar waya, sai zuciya ta ɗauka, a zuba kuɗi. Abin da ake mantawa shi ne, ranar da ka sayi hannun jari ko da guda ɗaya ne, ka zama ɗaya daga cikin masu kamfanin. Idan ya samu, da kai. Idan ya karye ba za a biyo ka gida da bashinsa ba, amma sai an sallami duk masu bin bashi kafin a waiwayi masu hannun jari, kuma sau da yawa a lokacin babu abin da ya rage.

Da wani zai zo ya ce ka kawo kuɗi ku haɗa jari a sana'arsa, ba za ka miƙa ba sai ka ji me yake sayarwa, nawa yake samu, nawa ke fita, wa ke bin sa bashi, shi kansa kuma wane irin mutum ne. Binciken kamfani bai wuce waɗannan tambayoyin ba. Bambancin kawai, a nan amsoshin suna rubuce a takarda, kuma doka ta tilasta wa kamfani ya buga su kowa ya gani.

Fara da sana'ar, kafin ka taɓa lissafi

Ka zauna ka amsa wa kanka: daga ina kuɗin kamfanin nan ke fitowa? Wa ke biyan sa, kuma me ya sa bai je wurin wani ba? Idan ba za ka iya bayyana wa yaro ɗan sakandare wannan a jimla uku ba, ba ka shirya saye ba tukuna. Sunan kamfani kan ruɗi mutum. Kowa ya san Apple na yin kwamfuta da agogo da sauransu, amma kusan rabin kuɗin shigarsa daga iPhone yake zuwa. Google kuwa, duk da yawan abubuwan da yake yi, talla ce ke kawo masa mafi yawan kuɗi. Sai ka san ginshiƙin da ke ɗauke da rufin kafin ka san abin da zai iya kayar da shi.

Babu kunya a ce ban gane ba. Warren Buffett, shahararren mai zuba jari na Amurka wanda ya shafe shekaru masu yawa yana jagorantar kamfanin Berkshire Hathaway, ya ƙi shiga hannayen jarin kamfanonin intanet a ƙarshen shekarun 1990 saboda bai ga yadda zai auna ribarsu ta gaba ba. An yi ta cewa zamani ya wuce shi, har zuwa lokacin da kasuwar ta rufta.

Ka kuma tambayi abin da zai iya kashe sana'ar nan da shekara goma. Injiniyan Kodak, kamfanin kayan ɗaukar hoto, ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, amma ribar kamfanin a fim ɗin hoto take, shi ya sa ya yi ta jan ƙafa, har ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a watan Janairun 2012. Lissafin shekarun da suka wuce ba zai nuna maka irin wannan ba, sai dai tunani.

Ka nemo takardun asali

Duk kamfanin da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwa yana fitar da rahoton shekara, yawancinsu kuma suna ƙarawa da na wata uku-uku ko na rabin shekara. Za ka same su a shafin kamfanin na intanet, a sashen masu zuba jari, ko a shafin kasuwar hannun jarin da aka yi masa rajista. A Amurka hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari, tana da rumbu mai suna EDGAR, kyauta, inda rahoton shekara ke da suna 10-K, na wata uku kuma 10-Q. Kada ka tsaya a taƙaitaccen bayanin da manhajar dillali ke nunawa, domin adadi ne tsirara, babu dalilin da ya haifar da su.

Ka sauke na shekara biyar, in ya yi wuya uku. Shekara ɗaya ba ta nuna hali.

Shafukan farko, masu hotunan ma'aikata suna murmushi da wasiƙar shugaba, ka wuce su da sauri. Inda za ka zauna su ne sashen haɗurran da kamfanin ya lissafa da bakinsa, bayanin shugabanni kan yadda shekarar ta kasance, jadawalin lissafi guda uku, da ƙarin bayanan da ke biye da su cikin ƙananan haruffa. Waɗannan ƙananan haruffan, da kowa ke gudu, a nan ake rubuta shari'o'in da ke kotu, da ranar biyan kowane bashi, da cinikin da kamfani ya yi da 'yan uwan daraktocinsa.

Jadawalin riba da asara

Layin sama shi ne kuɗin da aka samu daga ciniki, layin ƙasa kuma abin da ya rage bayan an cire kuɗin kaya, albashi, kuɗin ruwa da haraji. Ka jera shekarun gefe da gefe ka duba ko cinikin na ƙaruwa, sannan ka raba riba da ciniki don ka ga nawa ke tsayawa a kowace ɗari. Kamfanin da cinikinsa ke hawa amma abin da ke tsayawa ya sauko daga kashi 15 cikin ɗari zuwa kashi 8, wataƙila karya farashi yake yi don ya riƙe masu saye, ko kuma kayan aiki sun yi masa tsada ya kasa ɗora wa kowa.

Ka lura da ribar da ba ta maimaituwa. Idan kamfani ya sayar da fili ko wani reshe nasa, ribar shekarar za ta kumbura, amma baɗi babu filin da zai sake sayarwa. Cire ta ka sake lissafi.

Wani abu da sababbin shiga ke tsallakewa shi ne yawan hannayen jarin kansu. A ce riba ta tashi daga dala miliyan 100 zuwa miliyan 120, ga alama abin murna. Amma idan a tsakanin nan kamfanin ya buga sababbin hannayen jari, daga miliyan 100 suka koma miliyan 150, to abin da ke kan kowane hannun jari ya sauko daga dala 1 zuwa santi 80. Kamfanin ya girma, rabonka ya ragu. Ribar kowane hannun jari ita ce taka, ita za ka bi.

Kadara da bashi

Jadawali na biyu yana nuna abin da kamfani ya mallaka da abin da ake bin sa a rana guda. Idan aka cire bashi daga kadara, abin da ya rage shi ne na masu hannun jari.

Game da bashi, yawansa ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Yaushe za a biya? Bashin da wa'adinsa ya kusa, ga shi babu tsabar kuɗi a ajiye, ya fi haɗari a kan babban bashin da ke da sauran shekara goma. Da wane kuɗi aka ci shi? Kamfanin da ke samun kuɗin ƙasarsa amma ya ci bashi da dala, ranar da kuɗin ƙasar ya faɗi bashinsa zai ninka ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Sai kuma ka ɗauki ribar da aka samu kafin biyan kuɗin ruwa da haraji, ka raba ta da kuɗin ruwan shekara. Idan ta ninka shi sau takwas ko goma, akwai sararin numfashi. Idan da ƙyar ta kai ninki biyu, shekara ɗaya mai wuya ta isa ta jefa kamfanin hannun bankuna.

Kafin rushewarsa, bankin Lehman Brothers na Amurka yana riƙe da kadarori da suka ninka jarin masu shi kusan sau 30. Ma'ana, kadarorin su rage daraja da kashi 3 ko 4 cikin ɗari kacal, jarin ya ƙare. Haka kuwa aka yi, ya rushe ranar 15 ga Satumban 2008. Sai dai a sani, banki da kamfanin inshora ana auna su da mudu daban, domin riƙe kuɗin mutane shi ne sana'arsu. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya fara koyo da kamfanin da ke ƙera kaya ko sayar da su, inda lissafin ya fi fitowa fili.

Bi sawun tsabar kuɗi

In da za a ce in zaɓi shafi ɗaya tak a cikin rahoton, jadawalin shiga da fitar tsabar kuɗi zan ɗauka. Ga dalili. Ƙa'idar lissafin kamfanoni ta yarda a rubuta ciniki da zarar an miƙa kaya, ko da ba a biya ba. Ta kuma bar wa shugabanni hukunci a wurare da dama: shekara nawa inji zai yi kafin a ce ya tsufa, wane bashi ne ake sa ran ba za a biya ba, nawa kayan da ke jibge a sito suka kai. Duk waɗannan ƙiyasi ne, kuma mai ƙiyasin shi ne wanda ladansa na ƙarshen shekara ya dogara da ribar. Kuɗin da ya shiga asusun banki kuwa, ko ya shiga ko bai shiga ba.

Jadawalin ya kasu uku: kuɗin da sana'ar kanta ta kawo, kuɗin da aka kashe wajen sayen injuna da gine-gine ko wasu kamfanoni, sai kuɗin da aka ranto ko aka biya ko aka raba wa masu hannun jari. Ɗauki na farko ka ajiye shi kusa da ribar da aka bayyana, shekara bayan shekara. A kamfani mai lafiya za ka ga suna tafiya tare, ko da wata shekara ɗaya ya ɗan gota ɗaya. Idan riba na hawa shekara uku a jere amma tsabar kuɗi na tsaye ko tana raguwa, ruwa ba ya tsami banza.

Wurin da za ka fara leƙawa shi ne bashin da kamfanin ke bin masu saye. A ce ciniki ya tashi daga dala miliyan 100 zuwa miliyan 130, amma abin da yake bin mutane ya tashi daga miliyan 15 zuwa miliyan 45. Duk ƙarin miliyan 30 ɗin nan a bakin mutane yake, ba a aljihu ba. Wataƙila za su biya. Wataƙila kuma an tura wa diloli kayan da ba su nema ba ne don lissafin ƙarshen shekara ya yi kyau. Haka ma kayan sito: idan suna taruwa fiye da yadda ciniki ke ƙaruwa, ba sa fita ne, kuma wata rana za a rubuta asararsu.

Enron, kamfanin makamashi na Houston a Amurka, ya riƙa rubuta ribar da yake hasashen samu daga kwangiloli masu tsawon shekaru tun ranar da aka sa hannu, yana kuma ɓoye basussuka a wasu ƙananan kamfanoni da ba sa fitowa a jadawalinsa. Hannun jarinsa ya kai kusan dala 90 a watan Agustan 2000, kafin ƙarshen 2001 bai kai dala 1 ba. Ma'aikatansa da dama da suka zuba kuɗin fanshonsu a ciki sun tashi a tutar babu. Wannan shi ya sa nake nanata wannan sashe, domin masu ɗan ƙaramin jari su ne na ƙarshe da ke jin labari.

Sai mataki na gaba: daga kuɗin da sana'ar ta kawo, cire abin da aka kashe kan injuna da gine-gine. Abin da ya rage shi ne ainihin rarar da za a iya rabawa, ko a rage bashi da ita. Kwatanta ta da rabon ribar da ake biya. Kamfanin da ke raba fiye da rararsa, rance yake yi ko ajiya yake ci, kuma hakan ba ya ɗorewa. Rabon riba dama ba alkawari ba ne. Kamfanin mai na Shell, wanda tun Yaƙin Duniya na Biyu bai taɓa rage nasa ba, ya rage shi a watan Afrilun 2020 da farashin mai ya faɗi.

Su wa ke riƙe da amanar?

Ka karanta ra'ayin oditoci, wato masu binciken asusu na waje. Yawanci shafi biyu ko uku ne. Idan sun yi togaciya, ko sun ce akwai shakku kan ko kamfanin zai iya ci gaba da aiki, ka ɗauki maganar da nauyinta. Idan kamfani na yawan canja oditoci, ko shugaban sashen kuɗi ya ajiye aiki ba zato, ko rahoto ya makara, ka nemi dalili.

Amma sa hannun odita ba hujja ce ta ƙarshe ba. Wirecard, kamfanin hada-hadar biyan kuɗi na Jamus, ya shiga jerin manyan kamfanonin ƙasar na DAX a 2018, alhali jaridar Financial Times ta yi shekaru tana nuna gurɓata a lissafinsa. A watan Yunin 2020 aka tabbatar cewa Yuro biliyan 1.9 da ake cewa suna ajiye a bankunan Filifin babu su, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya durƙushe. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wanda ya karanta gargaɗin ya yi watsi da shi ya riga ya yi asara.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake so. Buɗe rahoton shekara uku da suka wuce, ka karanta abin da shugabanni suka ce za su yi, sannan ka duba na bana ka ga ko an yi. Wanda ya ce mun yi kuskure a kaza ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda kowace shekara laifin yanayin tattalin arziki ne. Ka duba ko su ma sun zuba kuɗinsu a kamfanin, da kuma wa ke da rinjayen ƙuri'a. A Meta, mai Facebook, akwai hannun jari iri biyu, ɗaya na da ƙuri'a goma, kuma ta haka Mark Zuckerberg ke riƙe da rinjaye. Ba laifi ba ne a doka, amma ka san cewa muryarka ba za ta sauya komai ba.

Kishiyoyi

Adadi shi kaɗai ba ya magana. Ribar kashi 5 cikin ɗari abin yabo ce ga babban kantin sayar da kayan masarufi, abin damuwa ce ga mai sayar da manhaja. Nemo kamfanoni biyu ko uku masu sana'a iri ɗaya ka jera su. Idan naka ya fi su riba, ka nemi abin da ke kare shi: suna ne da mutane suka amince da shi, arhar sarrafa kaya ce, lasisi ne, ko wahalar da mai saye zai sha in zai koma wani wuri? Idan ba ka samu ba, kishiyoyi za su zo su raba ribar.

Sai a zo kan farashi

Farashin hannun jari guda ba ya nuna arha ko tsada. Kamfanin da ake sayar da nasa dala 2 amma yana da guda biliyan 10, darajarsa a kasuwa dala biliyan 20 ce. Wanda nasa ke dala 200 amma guda miliyan 10 ne, biliyan 2 ce kawai. Ninka farashi da yawan hannayen jari, sannan ka tambayi kanka ko kamfanin gaba ɗaya ya kai hakan.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne wanda ake rubutawa P/E, wato farashi a raba da ribar kowane hannun jari. Farashi dala 50, riba dala 5, ya ba da 10: idan riba ta tsaya yadda take, shekara goma za ta yi kafin ta kai abin da ka biya. Idan ka ga 40 ko 60, kasuwa na sa ran ribar za ta ninka sosai, kuma kai ne za ka biya kuɗin wannan fatan tun yau. Kwatanta shi da na kishiyoyi da kuma na kamfanin a shekarun baya.

Kamfani mai kyau na iya zama mugun ciniki. Wanda ya sayi Microsoft a ƙarshen 1999 ya sayi kamfanin da bai daina cin riba ba, amma sai a 2016 farashin ya koma inda ya saya. Ma'aunin farashin kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka ya kai ƙololuwa a watan Maris na 2000, ya zube da kusan kashi 78 cikin ɗari zuwa Oktoban 2002. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙaramin P/E na iya zama tarko, musamman a kamfanonin mai, ƙarfe da jiragen ruwa, inda riba ke kumbura a shekarar da kaya suka yi tsada, ta sace a shekara mai zuwa. Ga irin waɗannan, ɗauki matsakaicin ribar shekaru da yawa. Kuma duk abin da lissafinka ya ba ka, ka bar rata tsakaninsa da farashin da za ka biya, saboda kai ma ƙiyasi ka yi.

Wanda ke auna jarinsa da ma'aunin shari'ar Musulunci, takardun nan dai su zai yi aiki da su. Ƙa'idar hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ta fara da duba sana'ar kanta, sannan bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin shiga daga abin da bai halatta ba kuma kada ya wuce kashi 5.

Kafin ka danna saye

Nemi wanda ke sukar kamfanin ka karanta hujjarsa da zuciya ɗaya. Bayan kwanaki kana bincike, rai kan so ya ji abin da ya riga ya yarda da shi, kuma wannan ne lokacin da ya fi kamata ka saurari mai cewa a'a. Ka duba kuma ko ana cinikin hannun jarin kullum, domin akwai waɗanda shiga ke da sauƙi, amma ranar fita ba ka samun mai saye sai ka karya farashi. Ka tabbatar dillalinka na da lasisin hukumar da ke kula da kasuwar, ka san nawa yake cira a kowane ciniki.

Daga nan ɗauki takarda ka rubuta, da kwanan wata: yadda kamfanin ke samun kuɗi, dalilinka na saye, farashin da kake ganin ya dace, da abubuwa biyu ko uku da in sun faru za ka sayar. Misali, bashi ya wuce kaza, ko tsabar kuɗi ta kasa bin riba shekara biyu a jere. Ka yanke kason da za ka zuba ta yadda ko kamfanin ya rushe gaba ɗaya ba zai taɓa kuɗin buƙatun gidanka ba, kuma kada ka ci bashi don saye. Za ka iya farawa da rabin abin da ka ware, ka jira rahoto na gaba.

Ranar da rahoton ya fito, ka ɗauko takardar nan ka ajiye ta kusa da shi. Fara da jadawalin tsabar kuɗi, sannan bashi, sannan yawan hannayen jari, ka duba ko dalilan da ka rubuta suna nan daram ko ɗaya ya goce.